LAULAYIN CIKI DA DABARAR SINAWA TA DANNA WUYAN HANNU

Gabatarwa

Daga cikin wahalhalun da mace takan sha kafin ta zama uwa, da wuya a sami wadda ta kai laulayi yawa, da wuya kuma a sami wadda ake rainawa kamarsa. A gidan Bahaushe, idan amarya ta fara ƙyamar warin daddawa, tana yawan tofar da yawu, tana kwanciya da hantsi, sai manyan mata su dubi juna su yi murmushi, don sun gane abin da ke tafe. Murnar abin da ake jira takan rufe tausayin mai ɗauke da shi. Ita kuwa, musamman idan cikin fari ne, kunya ba ta barinta ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta, sai dai ta yi ta haƙuri har lokacin ya wuce. Ga mafi yawan mata lalle yakan wuce. Amma akwai 'yan kaɗan waɗanda haƙurin nan yakan kai su bakin kabari.

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata dabara da ta samo asali daga likitancin gargajiya na ƙasar Sin, watau danna wani gurbi na musamman da ke kusa da wuyan hannu don rage tashin zuciya. Dabarar ba ta bukatar kuɗi, ba ta kuma bukatar a haɗiyi komai, shi ya sa ta yaɗu a duniya. Za a duba abin da laulayi yake, da asalin dabarar, da yadda ake yin ta, da abin da likitocin zamani suka gano sa'ad da suka gwada ta, sa'an nan da iyakar da ya kamata ta tsaya. Batun ba na mata ba ne su kaɗai. Ɗalibin yau shi ne maigidan gobe, ma'aikaci kuma yana da iyali a gida da abokan aiki mata a ofis, kuma sau da yawa izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannun namiji suke.

Abin da Laulayi Yake

Kalmar laulayi a Hausa tana da faɗi. Akan ce yaro yana da laulayi idan ba ya rabuwa da 'yan ciwace-ciwace. Amma idan aka jingina ta ga mai juna biyu, ana nufin tashin zuciya da amai da kasala da ƙyamar abinci waɗanda ke zuwa a farkon ciki. Turawa suna kiransa ciwon safiya, sunan kuwa bai dace ba, domin mata da yawa da shi suke wuni, wasu ma da dare ya fi tsananta musu.

Kimanin mata bakwai daga cikin goma suna yin laulayi. Likitoci suna fara ƙidayar ciki daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Bisa wannan lissafi, laulayi yakan fara tsakanin mako na 4 da na 7, ya yi ƙamari wajen mako na 9, sa'an nan ya riƙa lafawa, har ya zamana tsakanin mako na 16 da na 20 ya saki kusan tara daga cikin goma na masu fama da shi. Wannan lissafi yana da muhimmanci, za a kuma koma kansa a gaba.

Ruwa ba ya tsami banza. An daɗe ana neman musabbabin laulayi, har an taɓa yin zamanin da wasu likitocin Turai suke ɗaukar cewa raki ne kawai, ko kuwa mace ce ba ta son cikin. Wannan zato ya cutar da mata ba kaɗan ba. A watan Disamba na 2023 mujallar kimiyya mai suna Nature ta buga sakamakon binciken wasu masana, cikinsu har da Marlena Fejzo ta Amurka da Stephen O'Rahilly na Jami'ar Kambirij a Ingila. Sun nuna cewa wani sinadari da ake kira GDF15, wanda mabiyiya ke zubawa cikin jinin uwa da yawan gaske, yana da babban hannu a cikin al'amarin. Sinadarin yana tafiya ya taɓa wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, wanda shi ne ke ba da umurnin tashin zuciya da amai. Sun kuma gano cewa macen da jikinta bai saba da sinadarin ba kafin ta sami ciki, ita ta fi jin jiki idan ya hauhawa farat ɗaya. Ashe ke nan laulayi ciwo ne na gaske mai tushe a cikin jini, ba shagwaɓa ba.

Akwai kuma laulayi mai tsanani, wanda likitoci ke kira haifaremesis. Yana kama mace ɗaya zuwa uku daga cikin ɗari. Mai wannan ba abin da ke zama a cikinta, ko da ruwa ne, sai ta rame, jikinta ya bushe, gishirin jininta ya rikice. Shi ne ya kwantar da Catherine, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a watan Disamba na 2012. Ciwon bai san gidan sarauta ba, bai san gidan talaka ba.

Dalilin Tsoron Ƙwayar Magani

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya hana a ba mace ƙwayar tsayar da amai a huta? Amsar tana cikin tarihi. A 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fito da maganin barci mai suna talidomaid, aka riƙa tallarsa a kan cewa ba ya da illa, mata masu ciki kuma suka riƙa shansa don laulayi. Ba a jima ba aka fara haihuwar jarirai da dungulmin hannuwa da ƙafafu, wasu babu kunnuwa, wasu da lahani a zuciya. Kafin a janye maganin a ƙarshen 1961, yara fiye da 10,000 sun nakasa a ƙasashe da dama. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in ne saboda wata ma'aikaciyar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, wadda ta ƙi sa hannu a sayar da shi sai an kawo mata hujja. Wannan darasi ne ga kowane ma'aikacin gwamnati.

Tun daga lokacin tsoro ya shiga zukatan likitoci da mata baki ɗaya, har ya wuce kima. Wani magani mai suna Bendectin, wanda aka haɗa da bitamin B6, kamfaninsa ya daina yin sa a 1983 saboda yawan ƙararraki a kotu, alhali bincike bai tabbatar da cewa yana nakasa jarirai ba. Sai a 2013 hukumar Amurka ta sake amincewa da irin wannan haɗin. A cikin wannan yanayi ne hankalin masu bincike ya koma ga hanyoyin da ba na haɗiya ba, dabarar Sinawa kuwa tana kan gaba.

Asalin Dabarar a Ƙasar Sin

Likitancin gargajiya na Sinawa ya ginu ne a kan imanin cewa akwai wani ƙarfi na rayuwa da ke zagaya jikin mutum. Suna rubuta sunansa qi, furucinsa kuwa ya yi kusa da kalmar ci ta Hausa. A ganinsu wannan ƙarfi yana bin wasu hanyoyi goma sha biyu manya, kowace tana haɗe da wata gaɓa ta cikin jiki, kamar huhu ko hanta ko ƙoda. Lafiya ita ce gudanar ƙarfin ba tare da cikas ba, ciwo kuwa shi ne toshewarsa ko juyawarsa baya. Amai, alal misali, suna fassara shi da cewa ƙarfin tumbi ne, wanda ya kamata ya gangara ƙasa, ya yi tawaye ya hau sama. A kan waɗannan hanyoyi akwai gurabe waɗanda idan aka tsira musu siririyar allura, ko aka gasa su, ko aka danna su da yatsa, to, a faɗarsu, gudanar takan daidaita.

Littafin da ya kafa wannan ilmi shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gurbin da ake magana a kansa a nan yana cikinsa. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, girman mutum, aka huda gurabe a jikinsu. An ruwaito cewa da su ake jarraba ɗalibai: a shafe mutum-mutumin da kakin zuma, a cika shi da ruwa, a ce ɗalibi ya soka allura a gurbi kaza. In ya dace ruwa ya ɗigo, in ya kuskure allura ta tokari tagulla.

Ba kullum ne wannan ilmi ya sami ɗaukaka a gidansu ba. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da tsira allura a makarantar likitocin fada, a 1929 kuma gwamnatin lokacin ta yi yunƙurin soke likitancin gargajiya ɗungum. Gwamnatin Mao ce ta farfaɗo da shi daga shekarun 1950, a lokacin da likitocin zamani suka yi wa jama'ar karkara kaɗan ƙwarai. Yammacin duniya kuwa ya waiwayo ne sosai a 1971, bayan da aka yi wa James Reston, ɗan jaridar New York Times, tiyatar afendis a birnin Beijin, aka kuma tsira masa allurai don rage ciwon da ya biyo bayan tiyatar, ya rubuta labarin a jaridarsa. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa daidaitattun sunaye da lambobi na gurabe 361.

Gurbin da ya shafi tashin zuciya sunansa Neiguan, ana furta shi kamar negwan, ma'anarsa ƙofar ciki. Shi ne na shida a kan hanyar da Sinawa suka jingina ga jakar da ta lulluɓe zuciya, don haka a littattafan likitoci ake rubuta shi P6 ko PC6. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, Bahaushe ya ɗora wannan damuwa a kan zuciya, ya ce zuciya ce ke tashi, Basine kuma ya nemi maganinta a kan hanyar zuciya. Dacewa ce mai daɗin ji, amma ba hujja ba ce, domin kamar yadda aka gani, umurnin amai daga ƙwaƙwalwa yake fitowa.

Yadda Ake Gano Gurbin da Yadda Ake Danna Shi

Sinawa ba sa auna jiki da ma'aunin kasuwa, da jikin mai shi suke aunawa, kamar yadda Bahaushe yake da taƙi da kamu da gaba. Saboda haka mace da yatsunta za ta auna, ba da na mijinta ba. Ga yadda ake yi.

Da farko ta buɗe hannu ɗaya, tafin yana dubanta. Sai ta ɗauki yatsu uku na ɗaya hannun, watau manuni da na tsakiya da mai bi masa, ta haɗa su ta gicciya a kan wuyan hannun, yatsa na ukun yana daidai kan layin da ya raba tafi da wuyan hannu. Inda gefen manuni ya tsaya, ta wajen gwiwar hannu, nan ne tsayin gurbin. Sa'an nan ta nemi tsakiya. Idan ta dunƙule hannun ta ɗan lanƙwaso shi, za ta ga jijiyoyi biyu sun miƙe kamar tsarkiya. Gurbin yana cikin kwarin da ke tsakaninsu. Wasu mutane da jijiya ɗaya kawai aka halicce su a nan, wannan ba ciwo ba ne. Mai irin wannan hannu sai ta danna a gefen jijiyar ta ɓangaren ƙaramin yatsa, daidai tsakiyar hannu.

A nan ya kamata a lura da wani abu game da harshe. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abubuwa uku waɗanda likitoci suka bambanta: akwai jijiyar jini, akwai jijiya mai tauri wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma jijiyar saƙo wadda ke kai labari ƙwaƙwalwa ta komo da umurni. Biyun nan da ake gani a wuyan hannu masu ɗaure tsoka ne, alama ce kawai ta gane wuri. A ƙarƙashinsu kuwa akwai wata babbar jijiyar saƙo da ta ratsa tsakiyar hannu zuwa yatsu, ita ce dannawar ke taɓawa.

In an sami gurbin, sai a ɗora babban yatsa a danna da ɗan ƙarfi, ana iya murzawa a hankali, har a ji wani ɗan nauyi ko tsami a wurin, amma ba zafi ba. A yi haka na 'yan mintoci, sa'an nan a koma ɗaya hannun. A gwaje-gwajen da aka yi, wasu sun sa mata su danna na minti biyar bayan kowace awa huɗu, wasu kuma minti goma sau huɗu a rana. Akwai kuma wani abin ɗaurawa mai kama da warwaro na roba ko saƙa, da ɗan maɓalli a cikinsa wanda ke zama a kan gurbin. Matafiya a jirgin ruwa suna amfani da shi saboda hajijiya da amai, ana kuma sayar da shi a kantunan magani. Mai sa shi ta kula kada ya matse har yatsu su kumbura ko su yi sanyi, in fata ta yi ja ko ƙaiƙayi ta cire. Kada a danna kan rauni ko ƙurji ko kumburi.

Abin da Gwaji Ya Nuna

Tsufan magani ba ya tabbatar da ingancinsa, sai an gwada. Wanda ya fara ɗora Neiguan a kan ma'aunin kimiyya sosai shi ne Farfesa John Dundee, masanin sa barcin tiyata a Jami'ar Queen's da ke Belfast, a Ailan ta Arewa. Ya ziyarci ƙasar Sin a 1983, ya ga ana amfani da dannawar don laulayi, ya komo gida ya shiga bincike. A 1988 ya buga sakamakon gwajin da ya yi da mata 350. Ya kasa su kashi uku: kashi na farko suna danna Neiguan, na biyu suna danna wani wuri na jabu kusa da gwiwar hannu, na uku ba sa yin komai, kowace tana rubuta yadda ta ji har kwana huɗu. Masu danna Neiguan su suka fi samun sauƙi. Amma abubuwa biyu sun rage wa sakamakon ƙarfi. Na ɗaya, masu danna wurin jabu su ma sun fi waɗanda ba su yi komai ba jin daɗi. Na biyu, da yawa daga cikin matan ba su komo da cikakkun takardunsu ba.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su yi magana da baki ɗaya ba. A 1994 an yi wani a Kalifoniya da mata 60, aka ga tashin zuciya ya ragu ga masu danna gurbin gaskiya, amma yawan amai bai sauya ba. A 1996 aka yi wani a Kanada da mata 161, aka tarar duka ƙungiyoyi uku sun sami sauƙi, babu wadda ta fi wata.

Akwai wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda ta tace su. A 2015 ta duba gwaji 41 da suka shafi mata 5,449 a kan hanyoyi daban-daban na magance laulayi, ta yanke cewa hujjar da ke goyon bayan danna Neiguan taƙaitacciya ce, gwaje-gwajen kuma sun saɓa wa juna. A wannan shekarar dai ta duba gwaji 59 da suka shafi mutum 7,667 a kan tashin zuciyar da ke biyo bayan tiyata, a nan kuwa ta ga motsa wannan gurbi ya fi na jabu amfani. Watau hujjar ta fi ƙarfi a ɗakin tiyata fiye da ɗakin awon ciki.

Me ya sa tabbatar da abin ya yi wuya haka? Dalili na farko shi ne lissafin makonnin da aka ambata a baya. Mace takan nemi magani ne sa'ad da laulayi ya yi ƙamari, wajen mako na 9, daga nan kuwa ko an yi magani ko ba a yi ba sauƙi yana tafe. Duk abin da aka yi a wannan lokaci shi zai kwashe yabo. Dalili na biyu shi ne tasirin yarda. An tabbatar cewa idan mutum ya sa rai abu zai yi masa amfani, jikinsa yakan ɗan amsa, musamman a kan abubuwan da ake ji kamar zafi da tashin zuciya. Dalili na uku, da wuya a ƙirƙiro dannawar jabu wadda mace ba za ta gane ba, kamar yadda ake iya yin ƙwayar jabu da gari da sukari.

Game da yadda abin ke aiki kuwa, masu fiɗar jikin ɗan Adam ba su ga hanyoyin nan goma sha biyu ba, ba a kuma auna qi da wani ma'auni ba. Zaton da masana suka fi karkata gare shi shi ne, danna jijiyar saƙon nan yana aika labari ta laka zuwa gindin ƙwaƙwalwa, inda cibiyar amai take, ya ɗan sassauta ta. Wannan zato ne mai ma'ana, amma bai kai matsayin tabbas ba.

Duk da haka hukumomin lafiya ba su yi watsi da dabarar ba, saboda ba a san ta da wata illa ga uwa ko ɗan tayi ba. A ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa citta da furen kamomil da bitamin B6 da tsira allura a cikin abubuwan da mace za ta iya zaɓa don rage tashin zuciya a farkon ciki. A 2021 kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce ana iya haɗa dannawa da sauran jiyya ga mai laulayi matsakaici ko mai tsanani. A lura da kalmar haɗawa. Ba a ce ta maye gurbin jiyya ba.

Iyakar Dabarar

Mai laulayi mara tsanani tana iya gwada dannawar na kwana uku ko huɗu. In ta ji sauƙi, madalla, ko da rabin sauƙin daga yarda ya fito, domin sauƙi sauƙi ne. In ba ta ji ba, ba ta yi asarar komai ba. Zai fi kyau ta haɗa da sauran dabarun da aka sani: cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, don yunwa tana ta da zuciya kamar yadda ƙoshi ke yi, tauna wani abu busasshe kamar biskit ko burodi kafin ta sauko daga gado, kurɓar ruwa da kaɗan-kaɗan, shan ruwan citta, da nisantar maiƙo da warin suya. A nan ne mutanen gida ke da aiki, don ɗauke mata girki na 'yan makonni ya fi kowace dannawa amfani. Idan ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta a asibiti tana ƙara mata tashin zuciya, ta gaya wa ma'aikaciyar awo, kada ta jefar da ita a ɓoye.

Haka kuma kada jin labarin gurbi ɗaya ya sa a shiga danne-danne barkatai. Su kansu likitocin gargajiya na Sin sun hana taɓa wasu gurabe ga mai ciki, kamar wanda ke tsakanin babban yatsa da manuni, da wanda ke sama da idon sawu ta ciki, don suna ganin suna ta da naƙuda. Binciken zamani bai tabbatar da wannan haɗari ba, amma mai laulayi ba ta da wata bukata a wurarensu.

Haɗarin gaske ba a cikin dannawar yake ba, yana cikin jinkirin da za ta iya jawowa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 18 cikin 100 ne kawai na mata suka fara zuwa awo a cikin wata uku na farko, watau daidai lokacin da laulayi ke cin kasuwarsa. Idan aka haɗa wannan da kunyar cikin fari, za a ga cewa mace tana iya kwana da kwanaki tana amai a ɗaka, tana danna hannu, alhali ƙarin ruwa take bukata. Saboda haka wajibi ne a garzaya asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi: ta wuni ta kwana ba abin da ya zauna a cikinta, ko da ruwa, fitsarinta ya ragu ƙwarai ko ya yi duhu, jiri yana ɗibarta in ta miƙe, tana ramewa a fili, akwai jini a cikin aman, akwai zazzaɓi, ko ciwon mara, ko zubar jini, ko idanunta sun yi ɗorawa.

Ba kowane amai ne na mai ciki yake zama laulayi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara da ciwon hanta duk suna sa amai, kowanne kuma da maganinsa. Aman da ya taso bayan ciki ya tsufa, tare da ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi, yana iya zama alamar hawan jini mai kai wa ga jijjiga, wannan kuwa ba ya jiran gobe. Shi kansa laulayi mai tsanani, in aka bar shi ya daɗe, yakan ƙarar da bitamin B1 na jiki har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Asibiti yana da ƙarin ruwa da bitamin da magungunan tsayar da amai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki, aka kuma bincika su sosai tun bayan masifar talidomaid. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kammalawa

A taƙaice, danna Neiguan tsohuwar dabara ce ta Sinawa wadda ta shiga hannun likitocin zamani, suka gwada ta shekaru da dama, suka same ta ba mai cutarwa ba, mai yiwuwa kuma tana rage tashin zuciya ga wasu mata, ko da yake hujjar ba ta kai ta yanke gardama ba. Bayanin da masu ita suka bayar game da qi da hanyoyinsa bai tabbata ba, amma rashin tabbatar bayani bai isa ya sa a jefar da abin da ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cutarwa. Matsayinta shi ne na mataimakiya ga laulayi mai sauƙi. Mai ilmi, namiji ko mace, aikinsa biyu ne a nan: ya iya nuna wa 'yar'uwarsa inda za ta ɗora yatsa, ya kuma san ranar da za a ɗauke yatsan a nemi motar zuwa asibiti.